Da A Ce Fort-Lami Ba Ta Juya Ba: Lissafin Yaƙin Hitila A Hamada Da Duwatsu

Duk wanda ya taɓa kwana a gindin babbar mota a Kusiri, ko Fotokol, ko Birnin Ƙonni, ko Ɗan Isa, yana jiran a buɗe iyaka, ya san irin hirar da akan yi a wurin in dare ya raba. Akan fara da canjin sefa da naira, a gangaro kan 'yan duwan, daga nan sai wani dattijo ya ce ai wannan ba komai ba ne, a tambayi waɗanda suka ga zamanin yaƙin Hitila. Mun ga rufe iyaka a 1984, mun gani a 2019, mun sake gani a 2023, kuma kowane karo sai an tuna da na 1940, lokacin da Nasaran Faransa masu mulkin Nijar suka zama abokan gaban Turawan Ingila da ke Kano, alhali a farkon wannan shekara tare suke yaƙar Jamus.

Yau muna so mu ɗauki wannan hira mu yi mata abin da malaman tarihi ba su cika so ba, wato mu tambayi "da a ce". Da a ce Cadi ta bi sahun Nijar a 1940 fa? Da a ce Italiyawa sun riƙe duwatsun Keren har damina ta sauka? Da a ce Romel ya shiga Alƙahira? Muna ganin 'yan kasuwa sun fi kowa cancantar yin wannan lissafi, domin yaƙin hamada, in aka cire ƙarar bindiga, harkar dakon kaya ce: mai, ruwa, taya, da nisan da ke tsakanin inda aka sauke kaya da inda ake bukatarsu.

Yadda ƙasa take a 1940

A watan Yuni na 1940 Jamus ta murƙushe Faransa, aka kafa gwamnatin Marshal Petan, wadda ta yi sulhu da Hitila, daga baya ta zauna a garin Bishi. Janar Digol ya tsere Landan ya ce shi bai miƙa wuya ba, to amma ba shi da ko taƙin ƙasa da zai kafa tuta. A wannan watan ne kuma Musolini ya shiga yaƙin. Italiya tana riƙe da Libiya, da Eritiriya, da Somaliya, da Habasha wadda ta cinye a 1936, saboda haka Masar da Sudan da ke hannun Ingila suna tsaka mai wuya. A Yuli sojan Italiya suka kama Kasala da Gallabat a gabashin Sudan, yankin da 'yan uwanmu Hausawa da Fulani mahajjata suka daɗe da zama.

Babban gwamna na Dakar, Piyer Bwason, ya tsaya da Bishi, Nijar da Dahome kuma suka bi shi. Gwamnan Cadi kuwa, Felis Ebuwe, baƙar fata ɗan asalin Giyan ta Kudancin Amurka, ya bi wata hanya. Ya tuntuɓi gwamnan Najeriya a Ikko, ranar 26 ga Agusta 1940 kuma ya yi shela a Fort-Lami, wato Njamena ta yau, cewa Cadi tana tare da Digol. Kashegari Lakler ya karɓi Duwala, a rana ta uku Barazabil ta bi. Littattafan makaranta sukan ce kishin ƙasa ne, kuma ba mu musu. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Cadi ba ta da teku, shanunta da audugarta sun dogara da maƙwabta, musamman Najeriya, ga kuma Italiyawa a arewa suna haɗiyar yawu a kan Tibesti. Gwamnan da ya rufe ƙofar Maiduguri a wannan hali ya rufe bakin tukunyarsa ne da kansa.

Abin da wannan shela ta buɗe shi ne hanyar sama. Tunda Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, a harhaɗa su, su tashi rukuni-rukuni zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lami, Janena, Fashir, Hartum, har Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, takan ci kwana shida. Rukunin farko ya tashi a Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Mai karatu zai lura cewa kusan ita ce tsohuwar hanyar hajji ta ƙasa, wadda kakanninmu ke bi da jakuna shekara da shekaru.

To, da a ce Ebuwe ya bi Bishi, me zai faru? Tsakanin Maiduguri da Janena kusan kilomita 1,000 ne, mafi yawansu a sararin samaniyar Cadi. Jirgi mai ƙarin tankin mai yana iya tsallakewa, amma wanda injinsa ya ci tura, ko guguwar ƙura ta ɓatar da shi, ba shi da wurin sauka sai hannun abokin gaba, kuma hukumomin Bishi sun tsare 'yan Ingila da suka faɗa hannunsu, har a Tumbutu. Asara za ta ƙaru, jirage za su yi ƙaranci a Masar daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Abu na biyu ya fi shafar mu. Najeriya za ta wayi gari a kewaye: Dahome a yamma, Nijar a arewa, Cadi da Kamaru a gabas. Gamboru da Banki za su mutu kamar yadda Illela da Jibiya suka yi sanyi.

Ra'ayinmu shi ne Ingila ba za ta zura ido ba. Ta gwada karɓar Dakar da ƙarfi a Satumba 1940 ta kasa, amma ta ƙwace Siriya daga hannun Bishi a 1941, ta ƙwace Madagaska a 1942. Ƙasar da ta yi haka ba za ta bar Fort-Lami, mai tazarar kilomita 250 ko ƙasa da haka daga Maiduguri, ta tare mata hanya ba. Ke nan da an gwabza a bakin Shari da Logon, sojan Najeriya a wannan gaɓa, tirayar na Faransa a waccan, dukansu baƙaƙen fata, wasu ma harshensu ɗaya. Mutanen Mora sun san irin wannan. A yaƙin farko Jamusawa sun kafe a kan dutsen garin tun 1914 har Fabrairu 1916, kuma talakawan gindin dutsen ne suka biya kuɗin sabulu.

Kufra da bindiga guda

Daga Cadi ne Lakler ya yi abin da ya ba shi suna. A ƙarshen Janairu 1941 ya tashi daga Faya da mutum kamar 400, kashi uku cikin huɗu 'yan Afirka, da motoci wajen 60 waɗanda yawancinsu sun tsufa, da igwa ƙwaya ɗaya tak. Ya kewaye sansanin Italiyawa na Kufra a kudu maso gabashin Libiya, yana jan igwar daga wannan wuri zuwa wancan domin a zaci suna da yawa. Ranar 1 ga Maris suka sallama. Kashegari ya sa mutanensa suka yi rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan majami'ar Sitirasbur. An cika alkawarin a Nuwamba 1944, amma akasarin baƙaƙen da suka yi rantsuwar ba su ga garin ba, domin an cire su daga rundunar a 1943 kafin ta haye Turai. Mazan jiya ba su manta da wannan ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda man fetur ya kai Faya. Kowace ganga sai ta taso daga bakin teku, ta Duwala da Yawunde, ko ta Barazabil da Bangi, ko ta Najeriya, ta bi hanyoyin da aka share da aikin tilas, daga ƙarshe wani ɓangare ya hau raƙuma. Kufra tana da nisan fiye da kilomita 1,500 daga Fort-Lami. Duk direban da ya taɓa yin Agadas zuwa Dirku ya san cewa a irin wannan tafiya mota takan sha wani kaso na man da take ɗauke da shi. Shi ya sa Lakler, duk da zafin zuciyarsa, sai da ya jira har Disamba 1942 kafin ya iya cin Fezzan gaba ɗaya, ya kama Sabha da Murzuk, ya haɗu da Mongomari a Tarabulus a ƙarshen Janairu 1943. In an cire Cadi daga lissafi, babu Kufra, babu Fezzan, kuma Digol zai ci gaba da zama baƙo a Landan mai magana a rediyo. Da wuya a yi taron Barazabil na 1944 a yadda aka yi shi, wanda daga bayansa ne aka soke aikin tilas a 1946.

Duwatsun Keren

A nan ne muke ganin zaren ya fi siriri. Keren gari ne a Eritiriya, a kan hanyar da ta taso daga Kasala zuwa Asmara da tashar jiragen ruwa ta Masawa. Kafin a shiga garin sai an bi ta wani kwazazzabo ƙunci, duwatsu sun yi masa rumfa dama da hagu. Italiyawa suka fasa gefen dutsen da nakiya suka toshe hanya, suka hau ƙololuwa suka kafa igwa. Yawancin sojansu 'yan Eritiriya ne da 'yan Habasha, kuma sun yi faɗan da ya ƙaryata masu cewa sojan Italiya ba ya tsayawa. Daga farkon Fabrairu har 27 ga Maris 1941 runduna biyu ta sojan Indiya ƙarƙashin Janar Falat suna hawa ana koro su. Mota ba ta da amfani a wurin, alfadarai da mutane ne ke hawa da ruwa da harsashi, su sauko da masu rauni. Dubbai suka mutu ko suka jikkata a kowane ɓangare. Wata bataliya daga Cadi ma ta ratso Sudan ta shiga wannan yaƙi ta arewa.

Da Keren ta faɗi, sauran ya zo da sauri. Asmara 1 ga Afrilu, Masawa 8 ga Afrilu, kwana uku bayan haka Shugaba Rusbelt ya ce Bahar Maliya ta fita daga yankin yaƙi, abin da ya ba jiragen dakon Amurka damar kai kaya har Suwez. A kudu kuwa sojan Najeriya ne a gaba. Birged ta 23 ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, ta tarar da ɗimbin man fetur da Italiyawa suka gudu suka bari, da shi ta yi gudun kusan kilomita 1,700 cikin wata guda, ta ratsa mashigin Marda ta kama Harar. An shiga Adis Ababa 6 ga Afrilu, Sarki Haile Salasi ya koma gadonsa 5 ga Mayu.

Yanzu a dubi kwanan wata. Romel ya sauka Tarabulus ranar 12 ga Fabrairu 1941, a ƙarshen Maris ya fara kora, a cikin Afrilu ya kai iyakar Masar. Ingila tana matuƙar bukatar sojan da ke Keren, kuma da garin ya faɗi nan da nan aka mayar da runduna ta huɗu ta Indiya Masar. Da a ce Italiyawa sun ƙara riƙe duwatsun wata biyu, da babban kwamanda Wabel ya shiga tsaka mai wuya: ko ya janye soja ya bar Masawa a hannun abokin gaba, jiragenta na yaƙi suna barazana ga hanyar Suwez, ko ya bar su a can Masar ta yi rauni. In damina ta sauka a Yuni kuwa, tuddan Habasha sukan zama laka, magana sai kaka. Gondar ta nuna hakan, don Italiyawan da ke can ba su sallama ba sai 27 ga Nuwamba.

Duk da haka ba mu ganin Keren za ta juya yaƙin baki ɗaya. Italiyawan gabashin Afirka a rufe suke, babu jirgin da ke kawo musu mai ko taya daga gida. Mai shagon da ba a kawo masa sabon kaya, komai cikar shagon, ranar rufewa kawai yake jira. Abin da za su iya saya shi ne lokaci, wata shida ko takwas. Amma a waɗannan watanni hanyar Fort Sudan da Sawakin za ta zauna cikin haɗari, mahajjatanmu da suka maƙale a Gadarif da Kasala za su ƙara shekara, sojan Najeriya da na Gwalkwas kuma za su daɗe a Habasha maimakon komowa gida, inda daga baya aka shirya su zuwa Bama.

Akwai wata "da a ce" ta ɓangaren Ingila da tsofaffin hafsoshinta suka daɗe suna cizon yatsa a kai. A farkon Fabrairu 1941 Janar Okona ya gama da sojan Italiya a Beda Fom, fursunoni wajen 130,000 a hannu tun daga Disamba, hanyar Tarabulus kusan a buɗe. Sai Cacil ya ce a tsaya, a kwashe soja a kai Girka, inda aka yi asararsu a banza. Wasu sun ce da an ci gaba da Romel bai sami wurin sauka ba. Mu dai muna shakka, domin motocin Okona sun riga sun zama gwangwani, tashar Bangazi kuma jiragen Jamus suna yi mata ruwan bama-bamai. Da na sani ƙeya ce.

In Romel ya ci Alamain

Wannan ita ce tambayar da matasa suka fi so. A Yuni 1942 Romel ya kama Tubruk, ya tsaya a Alamain, kilomita 100 da ɗoriya daga Iskandariya. A Alƙahira ofisoshin Ingila har sun fara ƙona takardu. Amma a yi lissafin ɗan kasuwa. Babbar tasharsa, Tarabulus, tana bayansa da fiye da kilomita 2,000, a kan kwalta guda ɗaya ta bakin teku, babu layin dogo da ya haɗa su. Jiragen ruwan da ke kawo masa kaya daga Italiya suna nutsewa saboda hare-haren da ake kai musu daga tsibirin Malta da Masar. Man da ya tsira kuma, kaso mai tsoka motocin dakon ne ke shanye shi a hanya. Abokin karawarsa kuwa rumbunsa na bayan gidansa, ga tankokin Amurka suna sauka a Suwez. Ko da ya fasa Alamain a Yuli, zai isa bakin Nilu da tankoki 'yan ƙalilan, Ingila kuma ta ja da baya zuwa Falasɗinu da Sudan ta ci gaba da faɗa. Sannan ranar 8 ga Nuwamba 1942 Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya, a bayansa. Kafin watan ya ƙare Dakar ta bar Bishi, iyakar Nijar da Najeriya ta fara numfashi.

Abin da zai canja a wurinmu shi ne nauyi. In Masar ta faɗi, Hartum ce za ta zama bakin daga, hanyar Kano da Fort-Lami kuma ta zama jijiyar wuya. Ma'ana ƙarin ƙwace raƙuma da hatsi, ƙarin aikin hanya na tilas, ƙarin kamun soja. Ko a yadda aka yi ma mutane sun ɗanɗana: yadi da gishiri da kananzir sun yi wuya, masaƙa sun koma bakin aiki, fasa-ƙwauri ya zama sana'a, kuma daga 1942 an tilasta wa dubban talakawan Arewacin Najeriya zuwa haƙar kuza a Jos bayan Japan ta kama Malaya.

Shin Jamusawa za su iya ratso hamada su zo Kano ko Damagaram? Sun gwada ƙaramin abu sau ɗaya. Ranar 21 ga Janairu 1942 jirgin Jamus ƙwaya ɗaya ya taso daga kudancin Libiya ya jefa wa filin jirgin Fort-Lami bama-bamai, ya ƙone man jirage mai yawa. A hanyar komawa mansa ya ƙare, ya sauka cikin rairayi, mutanensa suka yi kusan mako guda kafin a gano su. In jirgi ɗaya bai iya zuwa ya koma lafiya ba, ina ga runduna mai dubban baki da ke son ruwa kullum?

Taswirar da ba a zana ba

Akwai masu cewa, cikin fushi da Faransa, ai da ma Hitila ne ya ci. Fushin muna gane shi, don aikin tilas da haraji da bulala ba tatsuniya ba ne. Amma a dubi abin da aka tanada. Jamus tana son a maido mata Kamaru da Togo, ta haɗa da wata babbar daula a tsakiyar Afirka, a ƙarƙashin gwamnatin da ta rubuta wariyar launin fata a cikin dokarta. Italiya tana son Libiya ta miƙe har tafkin Cadi. Yadda take mulki kuwa ba sai an yi hasashe ba. A Janairu 1931 Janar Garziyani ya afka wa Kufra, cibiyar Sanusiyya, aka kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka watsu zuwa Masar da Sudan da Cadi. A wannan shekarar aka rataye Umar Muhtar, aka tsare dubun-dubatar makiyayan Barƙa a sansanoni inda da yawa suka mutu, aka kuma shimfiɗa waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 a iyakar Masar domin kada ayari ko ɗaya ya wuce. Mai neman abincinsa a bakin iyaka ya auna wannan waya da kansa.

Abu guda da zai iya burge ɗan kasuwa a waccan taswira shi ne jirgin ƙasa. A Maris 1941 gwamnatin Bishi ta yi dokar gina layin dogo daga Bahar Rum ya ratsa Sahara zuwa kogin Kwara, reshe ɗaya ya nufi Segu, ɗaya Yamai. Da an gama shi, da gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta sami wata ƙofa ban da Kano, da tsarin kasuwanninmu ya karkata arewa. Fursunoni ne aka sa aikin, Yahudawa da 'yan gudun hijirar Sifaniya, cikin azaba, kuma layin bai wuce Abadla a kudancin Aljeriya ba.

Ɓangare ɗaya na waccan taswira ne ya ƙi mutuwa. A 1935 Laval na Faransa ya yi wa Musolini alkawarin zirin Awuzu a arewacin Tibesti, yarjejeniyar da ba a taɓa kammala ta ba. Gaddafi ya tono wannan takarda, sojansa suka shiga zirin a 1973, aka yi ta zub da jini har yaƙin motocin Toyota na 1987, wanda aka gwabza a Fada da Wadi Dum, a yankin da Lakler ya taso zuwa Kufra. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 kotun duniya ta Heg ta ce zirin na Cadi ne, sojan Libiya kuma suka fice a ƙarshen Mayu na wannan shekara.